Kifin da ya sha hanya

A wannan karo ba za mu yi nisa da akushi ba, domin abin da muke tafe da shi labari ne na wani cin abinci da ya ba mu kunya a gaban baƙo, da kuma abin da muka gano bayan mun bi diddigin al'amarin. Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan ƙaramar magana ce, ba ta isa a ɓata takarda a kanta ba. To, amma duk magidancin da ya taɓa zare kuɗin cefanen kwana huɗu ya biya a dare guda, sa'annan ya raba dare yana yi wa ɗansa fifita, ya san maganar tana da nauyi.

A farkon watan Afrilun 2025, kwanaki kaɗan bayan Ƙaramar Sallah, kawunmu, ƙanen mahaifiyarmu, ya kawo mana ziyara daga Maraɗi. Rabonsa da Tamale ya fi shekara goma. Kwana uku uwargida tana yi masa hidima da tuwon zafi da miyar ayoyo, da shinkafa da wake, da koko da ƙosai in gari ya waye. A rana ta huɗu yara suka matsa lamba cewa tunda Kawu ya shigo Ghana, ƙasar kifi, bai kamata ya koma Nijar bai ci gasasshen kifi da banku ba. Akwai wata rumfa a bakin titi, ba nisa da unguwarmu ta Changli, wadda kullum muka wuce da dare sai mun ga kujerun roba cike da mutane, hayaƙin gawayi na tashi, ƙamshin yaji na tare hanya. Ba za mu ambaci sunan wurin ba, domin ba mu ɗauki alƙalami don mu tozarta kowa ba.

Bayan sallar Isha'i muka tari yalo-yalo guda biyu, mu shida: mu da uwargida da Kawu da yara uku. Muka sa a gasa mana karfasa manya guda biyu da banku, yara kuma aka ce a soya musu kifin tekun nan da muke kira saman a nan, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya suka sani da sunan taitus, a haɗa musu da dokunu. Muka zauna jira har kusan awa guda. Ba mu damu ba, domin muna zaton jiran alama ce ta cewa yanzu ake aikin kifin.

Da aka ajiye farantin, abin da ido ya fara gani shi ne bayan kifin ya ƙone ƙurmus, an kuma lafta masa yaji da albasa fiye da kima. Muka yi bisimilla muka kai hannu. Naman karfasa mai kyau yakan ɓantaro fari tas, yanki-yanki, yana da ɗan ƙarfi a tsakanin yatsu. Wannan kuwa sai ya dagargaje kamar dankalin da ya wuce dahuwa. Can kusa da ƙaya kuma akwai sanyi da ruwa-ruwa, alamar cewa daga ƙanƙara aka ɗauko shi aka ɗora a wuta. Daga ƙarƙashin yajin wani wari ya riƙa tasowa wanda ya wuce ƙarnin da aka san kifi da shi. Muka saci kallon Kawu. Ya yi loma biyu ta banku da yaji, bai sake taɓa kifin ba, ya jawo ruwa ya wanke hannu ya ce, "Alhamdulillahi, na ƙoshi, ɗana. Zafin garin nan naku ba ya barin mutum ya ci da yawa."

Ana cikin haka ɗanmu na tsakiya, mai shekara bakwai, ya ɗago kai ya ce, "Baba, kifina yana cizon harshe." Nasa kuwa ba a sa masa yaji ba. Maimakon mu saurare shi, sai muka harare shi muka ce, "Ba a kushe abinci. Ci ka gode Allah." Yaron ya sunkuyar da kai ya cinye rabonsa. Da yarinyar da ke hidima ta zo kwashe kwanuka ta tambaye mu yaya abincin, muka ce madalla, an gode. Muka ƙirga sidi 320 muka biya, muka kama hanyar gida.

Ba mu cika rabin awa da isa gida ba sai uwargida ta ce, "Malam, zo ka duba yaron nan." Fuskarsa da wuyansa sun ɗauki zafi, idanunsa sun yi ja, yana susar jiki yana kukan ciwon kai, ƙirjinsa na bugawa da sauri. Allah Ya taimake mu akwai wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya. Tambayar da ta fara yi ita ce me ya ci, da ta ji kuwa sai ta tambayi wane irin kifi. Ta ba shi maganin ƙaiƙayin borin jini, ta kuma gargaɗe mu cewa idan muka ga numfashinsa na sarƙewa ko leɓɓansa na kumbura, kada mu jira safiya, mu wuce asibiti kai tsaye. Zuwa tsakar dare abin ya lafa. Da safe ya tashi garau yana neman koko.

Abin da ya fi tsaya mana a rai ya faru ne da safen nan, a kan tabarma. Kawu ya ce, "Tun da aka ajiye farantin hancina ya gaya mini. A bakin tafkin Madarunfa ko kyauta aka ba mutum irin wannan ba zai kai gida ba. Amma baƙo ba ya aibata abin da aka karrama shi da shi." Uwargida ta ce ita ma ta ji warin, ta yi shiru don kada ta kunyata mijinta a gaban kawunsa. Mu kuma mun yi shiru don kada baƙo ya ga mun kai shi wurin banza, don kuma kada mutanen da ke zaune su ɗauke mu masu rigima. Manya uku ke nan, kowa ya gane, kowa ya yi kara saboda ɗan'uwansa. Wanda ya faɗi gaskiya shi ne ƙaramin yaro, shi kuma aka tsawata masa.

Ruwa ba ya tsami banza. Wannan ya sa muka zauna muka yi tunanin hanyar da kifi ke biyowa kafin ya iso farantinmu a Tamale, abin da ba mu taɓa yi ba duk shekarun da muka yi muna cinsa. Tsakaninmu da teku akwai tafiyar kilomita kimanin 600. Kifin tekun da muke saya daskararre a cikin katan, daga tashar jiragen ruwa ta Tema yake tasowa, mai yawa daga cikinsa ma ba a ruwan Ghana aka kama shi ba, daga ƙasashe irin su Muritaniya da Maroko da wasu na Turai ake shigo da shi. Dalili kuwa shi ne mutanen ƙasar nan suna daga cikin masu yawan cin kifi a Afirka, har an ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na abincin gina jiki da suke samu daga dabba kifi ne, alhali abin da masuntanmu ke kamawa ya daɗe da gaza biyan buƙata. Ƙananan kifayen da talaka ya dogara da su sun ragu ƙwarai a tekunmu saboda yawan kamu, har ta kai a 2019 gwamnati ta rufe teku ga masu kwalekwale na tsawon wata guda domin kifi ya samu ya hayayyafa, aka kuma maimaita hakan cikin watan Yuli daga 2021 zuwa 2024.

Wannan katan ɗin zai bar ɗakin sanyi a Tema ya hau mota, ya ratsa Kumasi da Techiman da Kintampo, ya haye gadar Buipe da ta Yapei, kafin ya sauka a ɗakin sanyin dillali a Tamale. Daga nan mai rumfa za ta saya ta ɗora a bayan babur ko a yalo-yalo cikin ranar Maris ko Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke kaiwa digiri 40, ta kai shi firizarta. Ka'idar masana ita ce daskararren kifi ya zauna a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri tun daga jirgi har ranar da za a dafa shi, ɗanyen kifi kuma a binne shi cikin ƙanƙara kada ya wuce digiri 4. A duk wannan doguwar hanya, wuri guda kawai ya isa ya lalata shi: mota ta lalace a daji, ko injin sanyi ya tsaya, ko wuta ta ɗauke. Waɗanda suka ga shekarun dumso, musamman 2015, ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da ɗaukewar wuta ke yi wa mai firiza.

Karfasa kuwa ta ruwan daɗi ce, hanyarta daban. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafkin Volta ya malale ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 8,500, ya zama ɗaya daga cikin manyan tafkunan da ɗan'adam ya yi a duniya. Tsohuwar hanyar da ke tasowa daga Kumasi ta haye kogi a Yeji ta bi ta Salaga zuwa Tamale, ruwa ya yanke ta, yau sai da jirgin fito ake haɗa Yeji da Makango. Amma ruwan da ya ci hanya ya kawo kifi, Yeji ta zama babbar kasuwarsa. Muna kuma samu daga Buipe a kan Baƙin Volta, da Yapei da Nawuni a kan Farin Volta, da madatsar Bontanga. Manyan karfasan nan masu kai ɗaya da masu gashi suka fi so, da yawansu na kiwo ne, a cikin keji ake renonsu can kudancin tafkin wajen Akosombo, don haka su ma sai sun sha hanya cikin ƙanƙara kafin su iso mu.

Maƙwabciyarmu ta yi mana bayanin abin da ya sami yaron, muka kuma bincika muka tarar haka yake. Kifayen teku masu duhun nama, irin su saman da tuna da sadin, suna da wani sinadari a tsokarsu wanda idan kifin ya zauna cikin ɗumi, ƙwayoyin bakteriya ke mayar da shi wani abu da ake kira histamin. Shi ne yake sa zafin fuska da ƙaiƙayi da ciwon kai da bugun zuciya, wani lokaci har da amai da gudawa, yawanci cikin mintoci kaɗan zuwa awa ɗaya ko biyu bayan an ci. Abin tsoro game da shi abu biyu ne. Na farko, idan ya riga ya samu a jikin kifi, wuta ba ta kashe shi: ko an soya, ko an gasa, ko an yi banda, ko an mayar firiza, yana nan. Na biyu, kifin yana iya zama ba wari, ba wata alama a ido. Sau da yawa gargaɗin da mutum zai samu shi ne ya ji wani yaji-yaji ko ɗanɗanon ƙarfe a harshe. Watau abin da yaron ya faɗa ke nan daidai, muka ce masa ya yi shiru.

Idan muka waiwaya za mu ga kakanninmu sun fi mu sanin matsayinsu da kifi. Sun san suna nesa da ruwa, sun san zafin ƙasarsu, shi ya sa kifin da suka sani a miya shi ne banda da busasshe. Tarwaɗar da aka naɗe aka kyafe tun a bakin kogi za ta yi makonni ba ta ce komai ba. Mutanen kudu ma, duk da suna bakin teku, sun riƙe dabarunsu: ga koobi, karfasar da aka cika da gishiri aka shanya, ga amane mai hayaƙi, ga murhun banda na Chorkor da aka ƙirƙiro tare da matan wannan unguwa ta Akra a ƙarshen shekarun 1960, wanda ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka. Har gobe wanda ya shiga kasuwar Aboabo zai ga kwanduna cike da irin wannan kifi. Ɗanyen kifin teku a kan gawayi a tsakiyar Tamale baƙon abu ne, wutar lantarki ce ta kawo shi, ita ce kuma ke riƙe da shi. Mun karɓi daɗinsa hannu bibbiyu, amma ba mu koyi hattarar da ke tafe da shi ba.

A nan ne ya kamata mu tsaya a kan shirun da muka yi, domin mun fake da tarbiyya ne muka yi shi. Gaskiya ne an rene mu a kan cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai kasance mai kushe abinci ba. Wanda ransa ya so ya ci, wanda bai so ba ya bari. Amma wannan ladabi yana magana ne a kan ɗanɗano da raina ni'ima: gishiri ya yi yawa, miya ta yi ruwa, tuwo ya yi gudaji. Bai shafi abin da zai cutar da jiki ba. A zauren da muka koyi wancan ladabi, a nan muka karanta cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, mai saye kuma yana da haƙƙin mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Haka nan mun karanta cewa a mazhabarmu ta Malikiyya dabbar ruwa ba ta buƙatar yanka, ko a mace aka same ta halal ce. Wasu sukan ɗauki wannan su yi zaton kifi ba ya da wata doka. A watan Afrilun 2021, lokacin da teku ta watso matattun kifaye a gaɓar Osu da ke Akra, mutane sun yi ta kwasa, har sai da hukumomi suka fito suna roƙon jama'a kada su ci, domin ba a san abin da ya kashe su ba. Rashin buƙatar yanka bai ɗauke wa mutum nauyin kiyaye lafiyarsa da ta iyalinsa ba.

Bayan kwana biyu muka koma rumfar, mu da uwargida, da la'asar sakaliya kafin masu ciniki su taru. Mai wurin dattijuwa ce da ta kusa sa'ar mahaifiyarmu. Muka gaisa, muka nemi ta ba mu minti biyar a gefe. Muka ce, "Mma, ba rigima ta kawo mu ba. Shekaranjiya mun ci kifi a nan, yaronmu ya kwana ba lafiya, mun ga bai dace mu gaya wa duniya ba mu gaya miki ba." Da farko ta ɗaure fuska ta ce, "Afa, shekara takwas nake wannan sana'a, ba wanda ya taɓa kawo mini ƙara." Uwargida ta matsa kusa da ita ta ce, "Mma, mu ma da aka tambaye mu cewa muka yi madalla. Wanda bai ji daɗi ba ai ba ya dawowa ya faɗa, sai dai ki daina ganinsa."

Ta yi shiru na ɗan lokaci, sa'annan ta zauna a kan benci ta ba mu labari. Saboda cinikin Sallah ta ɗauko katan biyu na saman bashi, ta ƙara da karfasa, ta cika firiza. A cikin makon wuta ta ɗauke a layinsu kusan yini da kwana. Da ta buɗe firizar ta tarar kayan sun saki, ruwa ya kwanta a ƙasa. Da wuta ta dawo sai ta rufe ta bar su suka sake daskarewa, tana fatan wutar gawayi da yaji za su gyara abin da ya ɓaci. Ta ce, "In na zubar, da me zan biya mai kaya? Ga yara biyu a makaranta." Ba mu ga alamar mugunta a tare da ita ba. Mace ce da asara ta tunkaro ta, ta rasa yadda za ta yi, sai ta rarraba asarar a farantan mutane ba tare da sun sani ba. Ba ta kuma taɓa jin cewa akwai gubar da wuta ba ta kashewa ba.

Ta kunce bakin zani za ta mayar mana da kuɗinmu. Muka ce ta riƙe, amma da sharaɗi guda: abin da ya rage daga wancan kaya kada ya hau wuta. Saura rabin katan ne. A gabanmu ta sa yarinyarta ta fitar da shi. Mun san sidi 320 ba za su rufe mata ramin ba, mun kuma ga yadda ta bi katan ɗin da ido. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma asarar rabin katan ta fi sauƙi a kan ranar da za a kwashi ɗan wani zuwa asibiti, a zo da ma'aikatan duba-gari su rufe rumfar.

Saboda haka ga 'yar nasiharmu ga iyalai. Idan kun je wurin gashin kifi, ku nemi a nuna muku kifin kafin a ɗora shi a wuta. Mai kaya na ƙwarai ba ya jin haushin wannan. Ku dubi idonsa: na sabo yana da haske ya ɗan fito waje, na tsoho ya dushe ya faɗa ciki. Ku ɗaga murfin kumatunsa ku ga jan naman da yake numfashi da shi: ja mai kyau ake so, in ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka da yauƙi, a haƙura. Ku danna jikinsa da yatsa: in gurbin ya ciko nan da nan lafiya, in ya zauna, naman ya saki. Uwargida mai sayen daskararre kuma ta lura da katan ɗin: in kifayen sun lanƙwashe sun manne da juna cikin dunƙulen ƙanƙara mai jini-jini, alama ce sun taɓa narkewa aka sake daskarar da su. A gida kada a bar kifi cikin roba a rana ana jiran ya saki, a saukar da shi ƙasan firji tun dare, ko a sa shi cikin leda a ruwan sanyi a dafa nan take. Wanda ya narke kuma ya yi ɗumi, kada a mayar da shi. Sa'annan idan yaro ya ce abinci yana da wani iri, a ɗanɗana kafin a tsawata masa.

'Yan'uwanmu masu wannan sana'a, mun san da yawa daga cikin masu karanta wannan fili da ita suke ci da gidajensu, Allah Ya sa albarka. Ku sayi daidai abin da za ku iya sayarwa cikin kwana biyu ko uku, musamman a watannin zafi, ko da ribar sari ta ragu. Idan wuta ta ɗauke, kada a yi ta buɗe firiza, a nemi ƙanƙara a ƙara, in kuwa abin zai daɗe, a gaggauta yin banda ko a sa gishiri tun kifin yana da sanyinsa, domin bayan ya yi ɗumi hayaƙi ba zai cece shi ba. Ku riƙe takardar gwajin lafiya da majalisar birni ke nema daga masu sayar da abinci, ku kuma sani hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasa tana da ofishi a nan Tamale, ana iya zuwa neman shawara tun kafin a zo muku da bincike. Fiye da komai, ku saba wa bakinku da cewa "ya ƙare". Mai ciniki da aka ce masa ya ƙare zai dawo gobe, wanda aka ba ruɓaɓɓe kuwa zai tafi da iyalinsa da abokansa duka.

Mu kuma masu saye, mu daina cewa madalla a inda ba madalla ba, sa'annan mu koma majalisa muna yaga mutum a bayan idonsa. A kira mai wurin gefe, a gaya masa cikin mutunci, ba tare da ɗaga murya a gaban jama'a ba. In ya gyara, an taimaki kowa. In ya ƙi ji, kuma abin ya shafi lafiyar mutane, to a nan kai magana ga hukuma ya zama haƙƙin maƙwabta a kanmu.

Kawu ya koma Maraɗi da ƙullin bandar tarwaɗa da uwargida ta zaɓo masa da hannunta a kasuwa, ya kuma aiko cewa miyarta ta yi daɗi. Yaron nan mun kira shi mun ba shi haƙuri a gaban 'yan'uwansa, abin da bai zo mana da sauƙi ba. Da damina ta sauka muka sake bi ta rumfar nan wani dare. Mma na hango mu ta taso ta tare mu tun daga bakin titi ta ce, "Afa, yau babu irin wanda zan ba ku. Ku dawo jibi, mota za ta shigo daga Buipe." Muka koma jibin, ta fito da kifin ta ɗaga mana kumatunsa da kanta kafin ta ɗora a wuta.

Allah Ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci, Ya sa wa masu nema albarka a sana'arsu, Ya tsare mana zuriya. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.